Abin da ke tsufar da wayar Android tun kafin batirinta ya gaji

Wayar da aka saya a kasuwar Maraɗi ko Damagaram shekaru uku da suka wuce na iya ci gaba da kira da WhatsApp, amma sau da yawa ta daina samun sabuntawar tsaro. Tsohuwar kwamfuta mai shekara goma kuwa takan karɓi sabon Linux ba gardama. Abin mamakin shi ne a kan zuciyar Linux, wadda masana ke kira kanel, aka gina Android.

Bambancin yana wajen direba, wato ƙaramar manhajar da ke yi wa tsarin waya tafinta da kyamara, allo, wifi da sashen kama layi. A kwamfuta, yawancin direbobi na cikin kanel ɗin Linux a buɗe. Duk lokacin da aka sauya wani abu, tare ake gyara su. A waya kuwa, kamfanonin da ke ƙera furosesa, irin su MediaTek, Unisoc da Qualcomm, su ke rubuta direbobin domin wani kanel guda, kuma da yawa a rufe suke. Linux bai yi alkawarin barin mahaɗar direba yadda take ba, don haka direban jiya ba lallai ya yi aiki a kanel ɗin gobe ba. Ranar da mai furosesa ya janye hannu, mai haɗa wayar ma sai ya tsaya.

Google ya nemi mafita. A 2017 ya fito da Project Treble tare da Android 8, ya raba sashen direbobi da sauran tsarin. Daga Android 12 a 2021 kuma ya kawo kanel na bai ɗaya da direbobin kamfanoni ke maƙalewa a jikinsa. Wannan na cikin abin da ya sauƙaƙa alkawarin shekaru bakwai na sabuntawa ga Pixel 8 da Galaxy S24. Sai dai waɗannan wayoyin masu hannu da shuni ne, ba su matasan Tawa da Yamai suka fi riƙewa ba.

Tarayyar Turai ta bi ta doka: tun 20 ga Yunin 2025, sabbin wayoyin da ke shiga kasuwarta sai an ba su sabuntawa ta aƙalla shekaru biyar bayan an daina sayar da samfurin. Dokar ba ta shafi kayan da aka kawo kasuwannin Nijar kai tsaye ba.

Maganar ta wuce ta gayu. Waya ce yau ke riƙe da manhajojin tura kuɗi irin na Nita da Amana, kuma ramin tsaron da ba a toshe ba ƙofa ce ga ƴan damfara. Ɗan ci-ranin da zai aiko wa gida waya, da matashin da ke ciniki a kanti, tambaya ɗaya ta kamace su kafin ta girman kyamara: har wace shekara kamfanin zai ci gaba da sabunta ta?