Kasuwar Potiskum da Rumfar Aro ta Intanet

Duk wanda ya shiga kasuwar shanu ta Potiskum ranar Laraba a 'yan shekarun nan, zai ga abin da babu shi a da. Tun kafin a yi lodin tirela, dillali ya ɗauki hoton bijimi da wayarsa, ya aika wa mai saye a Legas ko Fatakwal ta WhatsApp, an daidaita, kuɗi sun shigo ta banki. Cinikin da a da sai an yi doguwar tafiya an ga kaya da ido, yanzu ana ƙulla shi a zaune.

A fannin tattalin arziki, wannan riba ce ta zahiri, domin kuwa jarin dillali tun fil azal abu biyu ne: sanin farashi da riƙon amana. Idan labarin farashi ya yi araha, makiyayin da ya koro dabbobinsa daga Nijar ko Chadi ba zai sayar a makance ba, falke kuma zai rage asarar zirga-zirga.

Sai dai a ganina, an bar wani ɓangaren a baya, wato taswira. Kamfanin Google ya fito da Google Maps a 2005, ya ɗauki hotunan titunan Legas a 2017, sa'an nan a 2019 ya ƙara wa Nijeriya tsarin nuna hanya ga masu babur. Ba abin mamaki ba ne da aka fara da Legas, tun da yake irin waɗannan kamfanoni kuɗin talla suke bi. Amma sanya shago a kan taswirar kyauta ne, kuma mai shagon ne da kansa zai iya yi. Potiskum mahaɗar hanyoyi ce, daga Kano zuwa Maiduguri, daga Bauchi zuwa Gashuwa. Baƙon direban da motarsa ta lalace da dare, wayarsa zai duba. Bakanike ko mai sayar da kayan gyara ko mai masaukin da babu sunansa a ciki, ya yi asarar wannan ciniki bai ma sani ba.

Duk da haka, wajibi ne 'yan kasuwa su tuna cewa wannan rumfa ta aro ce, kuma masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Idan ba a manta ba, ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram, waɗanda duk mallakar kamfani ɗaya ne, sun ɗauke na kimanin awa shida a duniya baki ɗaya. A watan Yuni na wannan shekarar Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe shi ba sai a Janairun 2022. Bugu da ƙari, a 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220, har a 2025 kamfanin ya yi barazanar rufe Facebook da Instagram a Nijeriya. Mutanen Yobe kuwa ba sa bukatar a ba su labari, domin a Mayun 2013, lokacin dokar ta-ɓaci, an katse layukan waya a jihar na tsawon makonni.

Saboda haka, shawarata uku ce. Da farko, kowane mai shago ya sa sunansa da lambarsa a taswira. Na biyu, ya riƙe littafin abokan cinikinsa a rubuce, da basussukan da yake bi, kada ya bar su a cikin waya kaɗai. Na uku, ƙungiyoyin dillalan shanu da na hatsi su riƙa tattara farashin kowane mako suna sanarwa da sunansu, ta waya da rediyo, su kuma tantance dillalan da ke ciniki daga nesa, don a toshe ƙofar 'yan damfara.

Sunan Potiskum ya kai kudancin ƙasar nan tun kafin wayar salula ta zo a 2001. Amanar da ta kai shi can ita ce dukiyar da ya kamata a adana a hannun masu ita.