Hunturu Ya Kama: A Sa Kwat, Amma A Tuna Da Masaƙa

Kowace shekara daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, idan iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar hamada, sai shigar maza ta canja a Kankiya da Kusada kamar yadda take canjawa a sauran ƙasar Katsina. Wanda duk ya tsaya da sassafe a bakin hanyar Katsina zuwa Kano zai ga ma'aikacin ƙaramar hukuma ya ɗora kwat a kan kaftani, ɗalibin Makarantar Koyon Aikin Kiwon Lafiya ta Kankiya ya zuba jaket, ɗan acaɓa kuma ya naɗe wuya da kunne har sai idanu kaɗai ake gani.

Akwai masu ganin cewa neman ado a cikin rigar sanyi aikin banza ne, tun da ɗumi kawai ake bukata. Wannan magana ba ta da ƙarfi. Mutumin da ya yi tsafta ya sa tufafin da ya dace da shi duk shekara, babu dalilin da zai sa ya zama abin dariya don sanyi ya sauko. Ma'aikacin da jama'a ke zuwa gabansa da bukatunsu, da malamin da ke tsayawa gaban yara, kamalarsu wani yanki ne na aikinsu. Haka kuma sanyi ba abin wasa ba ne, gama mura da tari da ciwon haƙarƙari a wannan lokaci suka fi kama mutane. Wanda ya rufe ƙirjinsa da riga mai kauri ya fi wanda ya kwana da garwashi a ɗaki tsira, don kuwa gobarar hunturu ta cinye gidaje ba iyaka. Rigakafi ya fi magani.

Abin tambaya shi ne, daga ina wannan kwat ta fito? Mafi yawanta gwanjo ce, wadda aka gama sawa a Turai ko Amurka ko Asiya, ta sauka a Kwatano, ta biyo ta kan iyaka, ta iso Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, daga nan 'yan koli su rarraba ta kasuwannin ƙauye. Ba za a zargi talaka don ya saye ta ba, iyakar abin da aljihunsa ya iya ke nan. Amma kuɗin da ya biya ba ya komawa hannun manomin auduga ko masaƙi ko marini na ƙasar nan.

Da can ba haka abin yake ba. Lokacin da Baturen Jamus Heinrich Barth ya ratsa Katsina da Kano a 1851, ya tarar da saƙin Kano ana kai shi har Timbuktu da Tarabulus. Hausawa suna da gwado da luru na lulluɓa, suna da babbar riga ta saƙi mai nauyi wadda iska ba ta ratsa ta, suna da jabba da kufta. Alkyabba kuwa, wadda ta shigo ta hanyar fatauci daga Afirka ta Arewa, asalinta rigar kare sanyi ce kafin ta zama alamar sarauta da ake gani ranar hawan salla. Bayan haka masaƙun zamani suka zo: aka buɗe ta Kaduna a 1957, ta tsaya da aiki a 2002, babbar masaƙar UNTL kuma ta rufe a 2007. Dubban ma'aikata suka rasa abin yi, audugar Funtuwa da Malumfashi ta rasa babban mai sayenta.

Saboda haka nauyi yana kan masu albashi da 'yan makaranta, gama su ne ake kwaikwayo a wajen shiga. Ma'aikacin da zai iya ɗinka shadda ta salla zai iya kai saƙi ko yadi mai kauri wurin telan garinsu, ya ce a yi masa falmaran ko jabba mai shafi a ciki wadda za ta zauna daidai a kan kaftani. Telolin Kankiya da Kusada ba su rasa gwaninta ba, masu kawo irin wannan aiki suka rasa. Idan mutum goma a ofis ɗaya suka fara, ba za a daɗe ba sai abin ya zama yayi, masaƙin da ya ajiye ƙoshiya ya sake ɗaukarta.

Ya kamata kuma ƙananan hukumomin biyu su sa saƙa da ɗinkin kayan sanyi cikin sana'o'in da ake koya wa matasa, su kuma riƙa sayen bargunan asibiti da na makarantun kwana daga masu sana'ar gida idan akwai hali. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Wanda yake da kwat ya sa abarsa ya ji daɗi, amma kafin hunturun baɗi ya kamata ya zama akwai riga ɗaya a akwatinsa wadda hannun mutumin garinsu ya ɗinka.