Gidan Sauro Ba Taru Ba Ne

Mu mutanen Gwale mun saba da wani abin kunya har mun daina ganinsa. Daga Mandawari zuwa Kabuga, kifin da ake soya mana da yamma yawancinsa na ƙanƙara ne, ya ƙetaro teku a kwali, an biya shi da dala. Alhali ga Tiga can, wadda gwamnatin Audu Baƙo ta gama a 1974, ga Challawa ta 1992, ga Bagauda. Ruwa kam muna da shi. Ina kifin?

Ku leƙa kwandon masunta ku gani. Ƙarfasa ce kamar yatsu biyu, da 'ya'yan tarwaɗa da ba su kai cokali ba. Ba ƙugiya ta kamo su ba, ba kuma birgi ba. Raga ce mai ƙananan idanu, wani lokacin ma gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi, aka ɗinke shi aka ja. Irin wannan ba ya barin komai. Uwar ƙarfasa a baki take riƙe ƙwanta har ya ƙyanƙyashe, don haka wanda ya kwashe ta da damina ya kwashe kifin baɗi tare da ita. Masu zuba guba a ruwa kuwa, hukuncinsu ya wuce na wannan shafi.

Za a ce talauci ne, kuma ruwa na Allah ne, kifi ba ya ƙarewa. Talaucin gaskiya ne. Amma wa zai fi shan wuya ranar da dam ya zama fanko, in ba masuncin ba? Kuma Argungu ba a Turai take ba. Ana hana su a Matan Fada sai ranar biki, shi ya sa har yau ake fito da giwan ruwa da sai an taru a ɗaga. A jihar Minnesota ta Amurka ma haka ne: ba a fara kamun kifin walleye sai tsakiyar Mayu, bayan ya zuba ƙwai, kuma akwai tsawon da dole a mayar ruwa. Abin da Sarkin Ruwa ya sani ne tun kakanni, su dai sun rubuta, sun sa mai tsaro.

Mu da muke sana'ar kwamfuta mun san abokanmu za su taso da manhaja. Ku ajiye ta tukuna. Littafi da sikeli a kowace mashigar jirgi sun isa a san abin da ake kamawa. Gwamnatin Kano ta rufe su a watannin haihuwa, ta tallafa wa masunta a lokacin, ta ba sarakunan ruwa ikon ƙwace haramtacciyar raga. Mu kuma, in mai tire ta miƙo mana tsibin ƙananan nan da araha, mu ce a'a, mu faɗa mata dalili.