Idan dole ce, a kira ta farashi

Ka taɓa zuwa sauke wata manhaja aka ce kyauta ce, amma sai ka ba da "gudummawa" kafin a buɗe maka? Ɗan'uwa, ciniki ne aka sauya wa suna.

Masu rubuta manhaja sun cancanci a biya su, wannan babu musu. A 2014, da aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin shafukan intanet masu ɗimbin yawa, sai aka ji cewa gudummawar da masu kula da ita ke samu kusan dala 2,000 ce a shekara. Duniya na cin moriya, su ko na shayi babu. Roƙo kaɗai ba ya riƙe aiki.

Amma mai saye yana da bakin magana. Ya biya, an ba shi rasit, idan kaya bai yi ba zai iya neman gyara ko a mayar masa da kuɗinsa. Wanda aka tilasta wa gudummawa fa? Kuɗinsa sun fita kamar na mai saye, in ya yi ƙorafi a ce masa ai kyauta aka ba ka, me kuma kake so?

Masu VLC sun bar ta kyauta, mai niyya ya bayar. Shafin elementary OS yana nuna maka adadi, amma kana iya rubuta sifili. WinRAR ta ce gwajin kwana 40, sannan ka saya (mun dai san yadda muke yi da ita). Kowannensu ya faɗi abin da yake so a fili.

Kafin ka latsa, duba ko akwai wurin rubuta sifili. In babu, nemi rasit.