Kafin ka zuba jarinka a lab ɗin haƙoran roba, karanta wannan zaren

1/
Zare 🧵
Matashi ya gama karatun fasahar haƙori, yana son buɗe lab ɗinsa, tambayar farko a bakinsa ita ce "sikana da firinta nawa ne?" Ni a ganina wannan tambayar ita ce ta ƙarshe a layi. Wanda ya fara da ita, sau da yawa jarinsa kan ƙare bai haɗa haƙori ko ɗaya ba. Ku biyo ni.

2/
Mu fara tuna wa za a yi wa aikin. Dattijo ne da haƙoransa suka zube, ya bar cin nama, ya koma kunu da fate, in zai yi dariya sai ya kare baki. In abin da ka haɗa masa ya ƙi zama, ko yana gurzar dasashi, cikin kofi zai ajiye shi. Kuɗinsa ya tafi, kai kuma sunanka ya ɓaci a wajen likita.

3/
Ƙa'idata guda ce: ka bi aikin daga farko zuwa ƙarshe, kowane mataki ka tambayi kanka me yake buƙata. Awon baki ya zo daga likita, ka zuba filasta, ka datse, ka ɗora a atikuleta, ka jera haƙora a kaki, ka sa a filas, ka dafa, ka gurje, ka goge. Na'urar da ba ta cikin wannan layin za ta iya jira.

4/
Kafin na'ura ma, takarda. Ka tabbatar rajistarka da hukumar masu fasahar haƙori ta ƙasa, DTRBN, tana nan daram, sunan kasuwancin kuma ya bi ta CAC. Sannan ka riƙe iyakarka: likitan haƙori ne ke duba baki ya ɗauki awo, kai kana ƙerawa bisa umarninsa. Lab da ya koma asibitin bayan fage yana wasa da wuta.

5/
Sai wutar lantarki. A nan ne mutane ke yin rowa, a nan kuma ake tafka asara. Dafa haƙori yana ɗaukar sa'o'i. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar dahuwa, ruwan ya huce, aikin kwana uku na iya lalacewa. Sitabilaiza mai kyau da janareta ko sola da inbata su ne sayayyarka ta farko, tun kafin benci.

6/
Wajen lissafin inbata, ka lura: duk abin da ke dafa ruwa yana jan wuta sosai, ya fi ƙaramin injin gurza nesa ba kusa ba. Ka duba ƙarfin da aka rubuta a jikin kowace na'ura, ka haɗa jimilla, sannan ka je wajen mai sola. Kar ka yi akasin haka.

7/
Masu son tokumbo, ku saurara. Wutarmu ta 230 ce, kayan Amurka kuma yawanci na 110 zuwa 120 ne. Ka jona kai tsaye, hayaƙi za ka gani. Ko da taransifoma, injin da aka ƙera don bugun 60 yana iya rage gudu a namu na 50. Ka karanta farantin bayan na'ura kafin ka tura kuɗi.

8/
Wajen filasta. Abu uku: injin girgiza da ke fitar da kumfa, injin datse mazubi mai ruwa, da tarkon filasta a ƙarƙashin wajen wanki. Na ukun shi ake mantawa da shi. Filasta in ta bi bututu daskarewa take yi, ranar da za ka kira mai famfo ya fasa maka ƙasa za ka gane darajarsa.

9/
Abin da ya fi komai araha a lab, ya kuma fi yawan ceton aiki: ƙaramin sikeli da kofin awon ruwa. Filasta mai tauri tana son kusan mililita 30 na ruwa ga giram 100, farar filasta kusan 50. Mai kwaɓawa da ido yana samun mazubi mai garƙi-garƙi, gefensa na zubewa. Daga nan kuskure ya shiga aikin gaba ɗaya.

10/
Kuma don Allah a daina amfani da filastar silin a matsayin ta haƙori. Kamanni ne kawai. Ta haƙori an tace ta, an san iya kumburin da take yi in tana daskarewa. Abin da ido ba ya gani a kan tebur, dasashi yana jin sa. Araha ba ta ado.

11/
Atikuleta, wato na'urar da ke kwaikwayon motsin muƙamuƙi. Akwai mai buɗewa da rufewa kawai kamar ƙyaure. Akwai mai matsakaicin awo, wadda ke tafiya gaba da gefe. Baki kuwa ba buɗe-rufe kaɗai yake yi ba, niƙa yake yi. Cikakken haƙori na sama da ƙasa, a ta biyun ya kamata a jera shi.

12/
Ra'ayina: gara ka sayi masu matsakaicin awo guda huɗu ko biyar masu ƙarfi da ka sayi babbar mai tsada guda ɗaya. Kowane aiki yana zama a kan tasa har majiyyaci ya zo gwaji. In guda ɗaya gare ka, aiki ɗaya za ka riƙa yi, sauran suna layi, likita yana ta kiran waya.

13/
Filas da matsi. Ka sayi filas na tagulla masu nauyi waɗanda bakinsu ke haɗuwa tsaf. In akwai 'yar tazara tsakanin sama da ƙasa, roba za ta yi kauri, cizo ya ɗaga, majiyyaci ya ce baki ya ƙi rufuwa. Ka haɗa shi babu komai a ciki, ka ɗaga wa haske. In haske ya ratsa, ajiye masa abinsa.

14/
Yanzu ga inda na fi tsayawa: tukunyar dahuwa mai daidaita zafi. Da yawa suna ɗora filas a kan risho ko gas su bar shi ya tafasa. Yana fita kamar haƙori, eh. Amma ka san me ke faruwa a ciki?

15/
Ruwan monoma da ake kwaɓa garin akirilik da shi yana tafasa a digiri 100.8. Shi kuma haɗin, in ya fara daskarewa, da kansa yake ƙara zafi. In ka jefa shi a tafasasshen ruwa tun farko, wajen da ke da kauri zai wuce wannan awon, monoma ya zama tururi, ya bar ƙananan ramuka a cikin roba.

16/
Ramukan nan su ne maɓoyar ƙwayoyin cuta da wari, kuma daga nan haƙori ke karyewa. In kuma dahuwa ba ta kai ba, ragowar monoma ya zauna a ciki yana ƙona wa mutum baki. Tsarin da aka sani: digiri 74 na sa'o'i 8 ko fiye, ko 74 na kusan sa'o'i 2 sannan tafasa na sa'a 1. A bar shi ya huce a hankali.

17/
In kuɗinka bai kai tukunyar ba tukuna, aƙalla ka sayi ma'aunin zafi ka zauna a kansa. Amma gaskiya ita ce: tsakanin tukunyar dahuwa da kujerar ofis mai juyawa da allon suna mai walƙiya, wanda ya zaɓi biyun ƙarshe bai shirya ba.

18/
Injin gurza na hannu, maikiromoto. Wannan shi ne alƙalaminka, yini za ka yi da shi. Kar lambar gudu ta ruɗe ka. Juyi 35,000 a minti ya ishe ka aikin roba. Abin dubawa shi ne ƙarfi: in ka danna shi a jikin akirilik, yana tsayawa ko yana ci gaba? Yana rawa a hannu? Yana zafi da wuri?

19/
Marathon da Strong na Koriya ta Kudu sun yi suna a wannan fannin, shi ya sa masu kwaikwayo suka yi musu yawa a kasuwa. Ka saya inda za a ba ka rasit da garanti. In da hali ka ajiye na biyu ko da ƙarami ne. Ranar da na farko ya tsaya, lab gaba ɗaya ya tsaya.

20/
Injin gogewa da mai zuƙe ƙura: tare ake sayensu, kar a raba. Ƙurar akirilik da ta garin goge haƙori da ta ƙarfe ba ta tsaya a riga, huhu take shiga. Ciwon huhu na ƙura sananne ne a cikin masu wannan sana'ar a duniya. Takunkumin takarda na asibiti bai isa ba. Shekara ashirin za ka yi a bencin nan, huhun kuma ba a canza shi.

21/
Haka monoma: yana kama wuta, warinsa na hawa kai, yana sa wa wasu ƙaiƙayi a hannu. Ka ajiye shi a wuri mai sanyi nesa da fitilar narka kaki, ka sa fanka mai fitar da iska a taga. Kar ka kwaɓa da yatsa tsirara. Abin kashe gobara a bango ba ado ba ne.

22/
Duk awon da ya shigo daga asibiti da yawu ya zo, wani lokacin da jini. Ka ware wajen karɓa, ka wanke, ka tsaftace da ruwan bilic da aka sirka yadda ya dace, ka sa safar hannu da tabarau. Kai da yaranka ku yi allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B. Wannan bai kai kuɗin tebur ba.

23/
Yanayinmu ma yana cikin lissafi. Awon aljinet in ya sha hunturu bushewa yake ya tsuke, don haka a zuba masa filasta da wuri. Lab da ke nesa da asibitocin da yake wa aiki, awo na shan rana a bayan babur, ya fara da rauni. Kusancin wuri ya fi faɗin shago.

24/
A zafin bazara kuwa, kaki yana laushi, haƙoran da ka jera su goce, kwaɓin akirilik ya nuna kafin ka gama shiri. Ƙaramin firji da ɗaki mai sanyi a nan kayan aiki ne. Wanda ya yi aiki a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu ya san abin da nake faɗi.

25/
Haƙoran kansu. Jadawalin launi na VITA yana da kala 16, daga A1 zuwa D4. Kar ka cika durowa da farare tas. Dattijon da ya shekara arba'in yana cin goro, in ka cike masa giɓi da fari fat, daga nesa za a gane. Ka ajiye masu duhu. Haka robar dasashi: mutanenmu da yawa dasashinsu ba ja-ja ba ne.

26/
Tukunyar matsin iska ta gyara ma ka sa ta a jerin farko. Mutane na zuwa da haƙori ya faɗi ya tsage, ko ɗaya ya fita, ko ya yi sako-sako yana son ciko. Aikin gyara ƙanana ne amma ba ya yankewa, shi ke biyan kuɗin mai kafin manyan ayyuka su shigo.

27/
Me zai jira? Kayan zubin ƙarfe na kobal da kuromiyam: tanda, injin zubi, injin feshin yashi. Ƙarfen nan sai ya haura digiri 1,300 yake narkewa, ka ga wutar da zai ci. Ka tura wa babban lab su zuba maka firam, kai ka ƙarasa. Haka injin haƙori mai lanƙwasa, sai likitoci sun fara nema a kai a kai.

28/
Na san masu cewa "Malam, duniya ta koma kwamfuta." Gaskiyarku. Da exocad ko 3Shape za ka zana haƙori a allo, ka adana, in ya ɓata ka sake bugawa ba tare da dattijo ya sake zaman awo ba. Wannan ci gaba ne na haƙiƙa, kuma can za a je.

29/
Amma ka lissafa duka: sikana, kwamfuta mai ƙarfi, lasisin manhaja da kuɗin waje, firinta, injin wankewa, injin gasawa da haske, ruwan bugawa da ke da wa'adi. Sannan likitoci nawa ne a garinku ke turo awo ta intanet? In ta lalace, wa zai gyara, cikin kwana nawa?

30/
Uwa uba, manhaja ba ta koya maka cizo. Wanda bai iya jera haƙora a kaki su zauna daidai ba, a allo ma kuskuren zai zana, firinta ta buga masa shi tsaf. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ka bari aikin hannu ya tara maka likitoci da kuɗi, ribar ta sayi sikana.

31/
Tambayoyi huɗu ga duk mai sayar maka da na'ura:
- Zan gwada kafin in biya?
- Wa ke gyara ta a ƙasar nan?
- Kayan gyaranta suna shago yanzu?
- Garantin a rubuce yake?
In ya fara "ai ba ta lalacewa", ka yi masa sallama.

32/
Kuma kar ka kashe jarin duka a kan ƙarfe. Ka ware na kayan aiki da haya da mai na wasu watanni, don asibiti ba kullum yake biya ranar da ka kai aiki ba. Lab mai na'urori goma babu kuɗin garin akirilik, ɗakin ajiya ne.

33/
Jerina a taƙaice: takardu, wuta, wajen filasta, atikuleta, filas da matsi, tukunyar dahuwa, maikiromoto, injin gogewa da mai zuƙe ƙura, tukunyar gyara. Sauran su biyo baya.

Manyanmu a sana'a, me za ku ƙara, me za ku cire? Ku tura wa ƙannenmu da ke shirin buɗewa. Allah ya sa albarka a nema.