RA'AYINMU: HANYAR KARSHI TANA BUKATAR HUKUMA GUDA

Duk wanda ya baro Ikko ko Badun ko Anaca ya sauka wurin 'yan'uwa a Karshi, ya ga irin wahalar da mutanen garin ke sha kafin su shiga Abuja. Ma'aikaci yakan fito tun da asuba, ya bi ta Orozo da Kurudu da Jikwoyi da Karu, sa'an nan ya faɗa cunkoson Nyanya tare da mutanen Mararaba da Masaka, alhali kuwa unguwar Apo tana nan kusa da shi a bayan duwatsu.

Tun cikin 2011 aka ba da kwangilar hanyar Apo zuwa Karshi, mai tsawon kilomita 13 da 'yan kai. Shekara goma ta wuce, ministoci suka zo suka tafi, ba a gama ta ba. Wannan abin kunya ne. To, amma a ganinmu ciwon ya wuce hanya guda.

Lokacin da Janar Murtala Muhammed ya kafa Birnin Tarayya da Doka ta 6 ta 1976, iyaka ta raba ƙasar Karshi biyu. Yau sashe guda yana ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja, ɗayan kuma yana cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, wadda aka cire daga Filato a 1996. Babbar hanyar Abuja zuwa Keffi kuwa ta Gwamnatin Tarayya ce. Ke nan fasinja guda yana ratsa hannun hukumomi uku kowace safiya, kowacce da nata kasafin kuɗi da nata tsari. Da aka hana ƙananan bas shiga tsakiyar birni a 2013, talakan bayan gari ne ya ɗanɗana kuɗarsa. Jirgin ƙasan da aka buɗe a 2018, aka farfaɗo da shi a 2024, ya nufi Idu da Kubwa da filin jirgin sama, bai leƙa Nyanya ba.

Masu karatunmu na Agege da Idi-Araba sun ga yadda ake yi. Jihar Ikko ta kafa hukumar LAMATA don ta riƙa tsara sufuri baki ɗaya, a 2008 kuma manyan bas suka fara tashi daga Mile 12 a kan layinsu na musamman. A 2021 gwamnonin Ikko da Ogun suka sa hannu a kan yarjejeniyar aiki tare, jirgin da aka ƙaddamar a 2024 kuwa yana kaiwa har Agbado, cikin Jihar Ogun.

Saboda haka muna kira ga Ministan Birnin Tarayya da Gwamnan Nasarawa da Ministan Ayyuka su kafa hukumar sufuri guda bisa doka, mai asusu nata, wadda za ta tsara hanyoyi da tashoshi da kuɗin mota daga Apo har Keffi. A sa sarakuna da ƙungiyar direbobi a ciki. Kowace kwangila a bayyana wa jama'a kuɗinta da ranar gamawa.

Ku kuma 'yan'uwa mazauna Kudu, da yawanku kuna da iyali ko fili ko rumfa a wannan yanki. Ku sa ƙungiyoyinku su rubuta wa wakilanku na Majalisar Tarayya, ku tambaye su abin da suka yi a kan wannan batu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya sa a ji.