Ƙiba Da Neman Haihuwa: Abin Da Ya Kamata Ma'aurata Su Sani

A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan mutum ɗaya cikin shida yana fuskantar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Akwai irin waɗannan ma'aurata a kowace ikilisiya, wasunsu har sun sayar da gona don neman magani. Saboda haka ya kamata mu san abin da likitoci suka gano game da nauyin jikin mace.

Kitse idan ya yi yawa yakan dagula sinadaran da ke sa mace ta saki ƙwai, sai al'ada ta rikice. A asibiti kuma mai ƙiba takan buƙaci allurai masu yawa kafin ƙwai ya nuna, haɗarin ɓari ma ya fi yawa a gare ta. Rama mai tsanani ita ma takan tsayar da al'ada. A ma'aunin likitoci, mace mai tsayin mita 1.6 ta shiga sahun masu ƙiba idan ta kai kilo 77, ta rame kuma idan ta gaza kilo 47.

Wannan ya shafe mu, domin a wurinmu ƙiba alamar hutu ce, har wasu amare suna shan ƙwayoyin "sha ka fashe" kafin biki.

Amma fa a yi hattara. A 2016 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a ƙasar Holan, inda aka sa wasu mata masu ƙiba su yi wata shida suna rage nauyi kafin a fara musu magani. Da yawa sun sami ciki ba tare da magani ba, sai dai a jimla ba su fi waɗanda aka fara wa magani nan take haihuwa ba. Shekaru kuwa ba sa jira, musamman bayan mace ta wuce 35.

Don haka, 'yan'uwa, kada ƙiba ta zama sabon abin gori a bakin dangin miji. Sau da yawa matsalar daga wajen namiji take. Miji da mata su je asibiti tare, a auna su duka biyun, likita ya faɗa musu ko rage nauyi za a fara yi, ko kuwa magani.